Gaiwa a Fadama, Ɗan Adam a Teku

Assalamu alaikum masu sauraro.

Ranar Talatar da ta wuce na tsaya a kasuwar Mile 12 da ke nan Legas wurin wani dattijo mutumin Yawuri da ke sayar da tarwaɗa. Muna cikin ciniki sai ɗaya ta yi tsalle ta faɗo daga baho, ta kama jan ciki a kan siminti ta nufi kwata. Dattijon ko gezau, sai da ya gama ƙirga wa wata mata canjinta sannan ya sunkuya ya cafko ta. Na ce, "Baba, ba ka tsoron ta mutu?" Ya ce, "Haba ɗana, tarwaɗa ce fa. Muddin jikinta bai bushe ba, sai ta kai la'asar a nan."

Gaskiya ya faɗa. A cikin kan tarwaɗa akwai wata halitta mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da ita take shaƙar iska. Can kuma a taɓon bakin lagun ɗin Legas akwai wani ɗan kifi mai idanu a tsakar ka kamar na kwaɗo, yana tsalle a kan laka, yana numfashi ta fatarsa.

Amma uwarsu duka gaiwa ce. Duk wanda ya tashi kusa da fadama ya san ta. Huhu gare ta, har ma in aka danne ta a ƙarƙashin ruwa aka hana ta leƙowa, mutuwa za ta yi. Idan kaka ta wuce ruwa ya fara ja da baya, sai ta haƙa rami a cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi da zai bushe ya zame mata kwanso, ta bar 'yar ƙofa daidai bakinta. Nan za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, naman jikinta take ci a hankali har damina ta dawo. Manomi ya sa fartanya a busasshiyar ƙasa ya tono kifi da ransa. Allah gwanin halitta.

To, abin da ya hana ni barci shi ne, mu ba a ba mu irin wannan guzuri ba idan muka shiga gidansu, wato ruwa. Yaranmu da suka koyi iyo a kududdufi ko a rafin garinsu suna zuwa Legas da zaton ruwa duk ɗaya ne. Teku daban take. A kowace lita ta ruwanta akwai gishiri wajen giram 35, ƙodar mutum kuwa ba ta iya fitar da wannan gishiri sai ta haɗa da ruwan jiki fiye da wanda aka sha. Kana kurɓa, ƙishirwa na ƙaruwa.

Ku tuna Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon-4, wanda ya kife ranar 26 ga Mayun 2013 a tekun Najeriya. Jirgin ya nutse har ƙasa, zurfin mita 30. Bawan Allahn nan ya laluba cikin duhu ya sami wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna ruwa na sanyaya masa jiki, ba abin da ya shiga cikinsa sai kwalbar lemo ɗaya, har kusan awa 60. Gwanayen nutso da aka turo gawa suka zo nema, sai ɗayansu ya ji hannu ya kama shi. Ko bayan haka ba a fito da shi kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwana biyu da wani abu a cikin wani ɗakin ƙarfe ana rage masa matsin iska sannu a hankali, don jininsa ya riga ya sha iskar zurfi, fitowa da sauri za ta iya kashe shi. Su 12 ne a jirgin. Shi kaɗai ya ga gida.

Labarin mutum ɗayan ake ta yaɗawa, na 11 ɗin kuwa sai iyalansu. Haka a 2023, matasa huɗu suka maƙale a ɗan sararin da ke saman ƙarfen juya jirgi, daga nan Legas, suna zaton Turai za su. Kwana 14 suka yi. A rana ta goma abinci da ruwa suka ƙare, suka koma lasar ruwan gishiri, ƙarshe a Birazil aka sauko da su, biyu daga cikinsu suka roƙi a mayar da su gida. Ina jin yara a majalisun Apapa da Agege suna ba da wannan labari da sha'awa, kuma wallahi gabana faɗuwa yake. Waɗanda barci ya kwashe suka zame cikin ruwa a irin wannan tafiya ba su da mai ba da labarinsu.

Tawakkali gaskiya ne, kuma babu mai wuce ranarsa. Amma gaiwa tun laka na da danshi take haƙa raminta.

Mu namu ramin ba shi da wuya. Ɗan'uwa, idan za ka hau kwale-kwale daga Ikorodu ko Ebute Ero, karɓi rigar ruwan nan mai hana nutsewa, ka duba igiyarta ba ta tsinke ba, ka ɗaure ta sosai har ƙasa, ka daina rataya ta a wuya kamar gyale. In ka ga an cika jirgi har ruwa na lasar bakinsa, sauka ka jira na gaba. In duhu ya yi, hukuma ma ta hana tafiya, kwana a masallacin tasha bai taɓa kashe kowa ba. Iyaye kuma, idan Sallah ta zo, yara za su ce za su bakin teku. Ku tambaye su wa zai raka su, ku gaya musu ko ruwan iya gwiwa ne, igiyar ruwan da ke komawa cikin teku tana iya ɗauke ƙato.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.