Lacca: Rubuta Wasiƙa Ga Mai Ɗaurin Rai Da Rai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwa, barkanmu da warhaka.

Maganar da aka ɗora mini yau ita ce musayar wasiƙa da fursuna, fursunan ma wanda alƙali ya yanke wa ɗaurin rai da rai. Zan fi karkata ga Amurka da Ingila, domin can ne abin ya zama aiki mai tsari, da ƙungiyoyinsa da ƙa'idojinsa. A Ingila akwai ƙungiyar New Bridge tun 1956, akwai kuma LifeLines da aka kafa a 1988 domin rubuta wa waɗanda ke jiran kisa a Amurka. Daga baya zan ɗan leƙo gida.

Kafin ka ɗauki biro, ka san wane irin rai da rai ne a kan mutumin, don ba iri ɗaya ba ne. A Ingila alƙali yakan yanke mafi ƙarancin shekarun da dole a yi a ciki, sannan kwamitin sakin talala ya duba ko za a sake shi. Ko an sake shi, yana kan sharaɗi har ya mutu, ya karya a mayar da shi. 'Yan kaɗan ne ake ce wa ba fita har abada. Amurka kuwa abin ya fi haka nauyi. Ƙididdigar da ƙungiyar Sentencing Project ta yi a 2020 ta nuna mutum sama da 200,000 ne ke ɗaurin rai da rai, idan an haɗa da masu shekara 50 ko fiye, wato ɗaya cikin kowane fursuna bakwai. Sama da 55,000 a cikinsu ba su da damar neman talala ko kaɗan. To ka ga wanda ke cikin wannan rukuni, in ka rubuta masa "idan ka fito za mu yi kaza", ka soka masa wuƙa ne kana ganin alheri ka yi.

Ba wai hukunci ba ya canjawa ba. Henry Montgomery ya shiga hannu a jihar Luwiziyana ta Amurka a 1963 yana ɗan shekara 17. Shari'arsa ce ta kai Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2016 cewa a sake duba waɗanda aka yi wa irin wannan ɗauri na dole tun suna yara, kuma an sake shi a 2021. Amma wannan aikin lauya ne da kotu. Kai mai wasiƙa, ba kai za ka yi masa bushara ba.

Domin ku san darajar takarda guda a wajen irin wannan mutum, ku tuna Nelson Mandela. An yanke masa rai da rai a 1964, aka kai shi tsibirin Robben da lamba 466/64. A matakin da aka fara ajiye shi, wasiƙa ɗaya aka yarda ya aika, ɗaya ya karɓa, a cikin wata shida, kuma kada ta wuce kalma 500. Ita ɗin ma sai masu tacewa sun bi ta da reza sun yanke layukan da ba su so, har abin da ke bayan takardar ya tafi tare da su. Yau ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunansa, sun ce a ƙa'ida ta 58 a bar fursuna ya riƙa sadarwa da iyali da abokai, har da ta wasiƙa. Amma "a bar shi" ba ya nufin ba za a karanta ba. Ku riƙe wannan: duk abin da ka rubuta, akwai mutum na uku da zai iya gani kafin mai shi.

To mu zo kan ambulan, domin nan yawancin wasiƙun farko suke mutuwa.

Cikakken sunan da kotu ta san shi da shi za ka rubuta, ban da laƙabi, ban da sunan da ya ɗauka bayan ya musulunta in ba a shigar da shi a rajista ba. Ƙarƙashin sunan sai lambarsa. Lambar nan ta fi sunan muhimmanci. A gidajen yarin gwamnatin tarayyar Amurka lamba takwas ce, biyar, ɗan layi, sannan uku. A Ingila harafi ɗaya ne, lamba huɗu, sai haruffa biyu. Ka kuskure guda ɗaya, takarda ta dawo ko ta ɓace. Sai sunan gidan yarin da adireshinsa. Ana yawan canja wa fursunoni wuri ba da sanarwa ba, saboda haka ka duba inda yake a ranar da za ka aika. Hukumar gidajen yarin tarayyar Amurka da jihohinta da dama suna da wurin binciken wannan a intanet kyauta. A kusurwar sama ta hagu ka sa sunanka da adireshin mayarwa, don gidaje da yawa ba sa karɓar wasiƙar da ba ta da shi. Amma kada ya zama adireshin gidanka. Ka yi hayar akwatin gidan waya, ko ka bi ta ƙungiyar da ke karɓa ta miƙa. Wannan ba zargin mutumin ba ne. Ɗakinsa ba shi kaɗai ke shiga ba, ana bincike, ana sata, ambulan kan faɗa hannun wanda ba ka sani ba.

Takarda fara zalla, ambulan fari zalla, biro baƙi ko shuɗi. Ban da turare. Na san iyayenmu mata, abin kirki ba ya fita hannunsu sai ya sha turare, to a nan a haƙura. Ban da jan baki, ban da ƙyalƙyali, ban da sitika, ban da gam da salatif, ban da farin ruwan goge kuskure, ban da ƙarfen maƙale takardu. Zanen da yaro ya yi da kalar kakin zuma ma ana mayar da shi a wurare da yawa. Dalili? Ƙwaya. Akwai wani sinadari mai bugarwa da ake kira K2, ana jiƙa takarda da shi ta bushe, a ciki a yayyanka ƙanana a sha kamar taba. Akwai kuma wani magani mai siffar siririyar leda da ake ɓoyewa ƙarƙashin kan sarki ko a bakin ambulan. Shi ya sa duk takardar da ta yi tabo, ko ta yi ƙamshi, ko ta yi kauri, gandiroban da ke ɗakin wasiƙu ba zai tsaya tambayar niyyarka ba. Hoto kuma, inci huɗu da shida ne aka fi karɓa, kuma ban da irin na Polaroid saboda bayansa yana da aljihu. Yawan hotuna ya danganta da gida, ka duba ƙa'idarsu. Littafi ba ka aika shi da hannunka, sai daga kanti ko maɗaba'a kai tsaye, kuma galibi mai laushin bango. Tsabar kuɗi a ambulan kuwa, kada ma ka fara.

Wani sauyi ya zo wanda ya kamata ku sani. A 2018 jihar Pensilbaniya ta daina ba fursunoni ainihin takardunsu. Wasiƙa tana zuwa wani kamfani ne a Florida, a ɗauki hotonta da na'ura, a miƙa wa mai ita kwafi. Jihohi da dama sun bi sahu, wasu ma a allon ƙaramar kwamfuta kawai yake karantawa. Wannan ya canja yadda ake rubutu. Fensir ba ya fitowa. Ka bar faɗin yatsa biyu a kowane gefe, domin na'ura tana cin baki. Ka rubuta a fuska ɗaya ta takarda. A saman kowane shafi ka sa sunansa da lambarsa da kwanan wata, ka kuma rubuta "1 cikin 3", "2 cikin 3", don in shafi ya ɓace ya sani. Su kansu wasiƙun ka riƙa ba su lamba a jere. Idan ta bakwai ta iske shi ta shida ba ta zo ba, zai gane hanya ce ta ci, ba kai ka yi watsi da shi ba. Kuma kada ka aika hoton da kake da guda ɗaya tak, ba zai dawo ba.

Akwai saƙon na'ura, irin su JPay da CorrLinks a Amurka. Ya fi sauri, amma shi ma ana karantawa, kuma yawanci ana biya.

Batun biya ya kawo mu ga haƙuri. A Ingila fursunan da aka yanke wa hukunci yana da wasiƙa ɗaya kyauta a mako. A Amurka mafi yawa shi zai saya, kuma kan sarkin aika wasiƙa waje ya haura dala ɗaya da rabi, alhali ladan aikinsa 'yan kwabbai ne a awa. A Tekzas da Jojiya yawancin aikin ma ba a biyan ko sisi. Amsar da ka karɓa a shafi biyu, wataƙila sabulun mako ya haƙura da shi. Ƙari a kan haka, in aka yi rikici aka kulle gidan gaba ɗaya, ko aka sa shi a ɗakin kaɗaici, wasiƙa kan tsaya makonni. Shirun wata biyu ba fushi ba ne. Ka sake aika gajeruwa.

To me za a rubuta? Wasiƙar farko shafi ɗaya ta isa: sunan da kake so a kira ka da shi, inda ka samu nasa, abin da ya sa ka rubuto, da sau nawa za ka iya rubutawa. Na ƙarshen nan shi ne ƙashin bayan aikin. In sau ɗaya a wata za ka iya, ka ce sau ɗaya a wata, kada zumuɗi ya sa ka ce kowane mako. Mutumin da ya shekara 20 a ciki ya riga ya ga yadda ake raguwa: abokai sun fara ɗaukewa, mata ta nemi saki, uwa ta rasu, ita ce dama mai rubutowa. Yana tsaye lokacin rabon wasiƙu yana sauraron ko za a kira sunansa. Ka yi masa wata uku kana zuba wasiƙu sannan ka ɓace, ka maimaita masa abin da ya fi tsoro. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sabbin shiga kan ji nauyin ba da labarin rayuwar waje, wai kada su sosa masa rai. Akasin haka ne. Shi ranakunsa duk kala ɗaya ne, abin da yake ƙishirwa shi ne ƙananan abubuwa. Ka gaya masa yadda hadari ya haɗo da la'asar, iska ta kwashe rumfar mai shayi, ƙamshin ƙasa ya tashi da ɗigon farko. Ka gaya masa yadda ake cinikin rago ana jibi Sallah, mai saye ya juya baya kamar zai tafi, dillali ya riƙo hannun rigarsa. Sannan ka yi masa tambaya biyu ko uku da zai iya amsawa: me yake karantawa, wane aiki yake yi a ciki, me ya iya da hannunsa. Ka bar shi ma ya koya maka wani abu. Zumuncin da ɓangare ɗaya ke ta tausayi ba ya nisa.

Kada ka tambaye shi laifinsa. In yana da ƙara a gaban kotu, layi ɗaya da ya rubuta maka zai iya komawa hannun mai gabatar da ƙara, domin sirrin da doka ta ba wasiƙar lauya bai shafi taka ba. In kana son sani, ka bincika tun kafin ka fara, ka auna ko zuciyarka za ta ɗauka. Mafi yawan masu wannan ɗauri rai suka kashe, kuma akwai iyalan da ke kuka har yau. Ba a ce ka wanke shi ba, ba a kuma ce ka sake yi masa shari'a ba.

Abubuwa uku ke rusa wannan aiki. Na farko kuɗi. Roƙon yakan fara da na kan sarki, ya koma na lauya, kuma wani lokaci ba shi ke so ba, wani ne a ciki ya matsa masa da ya ga yana da mutum a waje. Ka faɗa tun farko cewa ba ka aika kuɗi, ka tsaya a kai. Na biyu aike: "kira mini wance", "tura wa wane wannan takarda". Kada ka yi. Ba ka sani ba ko kotu ta hana shi tuntuɓar mutumin, ko shaida ne, ko dangin mamaci ne. Na uku soyayya. Mutum mai kaɗaici yana iya karanta "ina tunaninka" ya gina gida a kai, musamman tsakanin mace da namiji. A faɗi matsayi a sarari, da ladabi, tun wuri. Kuma kada ka rubuta wa mutum biyu a gida ɗaya, kishi kan jawo faɗa.

In wasiƙarsa ta nuna yana shirin halaka kansa, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne, ka sanar da gidan yarin ko ƙungiyarka a ranar. In kuma dole ta sa za ka daina, ka rubuta ta sallama, ka faɗa masa ba laifinsa ba ne, ka ba ƙungiya lokaci ta nemo wani.

A nan gida Najeriya, dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali ta ba babban alƙalin jiha ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai, idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara ya shekara goma ba a zartar ba. Afuwa kuma tana hannun shugaban ƙasa a sashe na 175 na tsarin mulki, da gwamna a sashe na 212. Saboda haka masu wannan ɗauri muna da su, daga Kirikiri har Kurmawa. Bambancin shi ne mu zumuncinmu a ƙafa yake, ziyara da kwanon abinci sun fi gidan waya ƙarfi. Mai son rubutawa ya bi ta ofishin walwala na gidan ko ta limaminsu, da izinin shugaban gidan, kada ya cusa wa gandiroba takarda a aljihu. Ya kuma tuna wataƙila wani ne zai karanta masa da ƙarfi a gaban 'yan ɗaki, sai ya rubuta abin da ba zai kunyata shi ba.

Na ga hannu a baya. Na'am, Hajiya?

Tana tambaya ko za a iya rubuta wa Bahaushen da ke tsare a waje da Hausa. Ana iya gwadawa, Hajiya, amma a fara tambayar gidan. Harshen da ma'aikata ba sa ji yakan sa a riƙe takarda har a samu mai fassara, wasu gidajen ma su mayar da ita. Da boko za a rubuta. Ajami a idon wanda bai san shi ba yana iya kama da rubutun sirri, kuma rubutun sirri dalili ne na ƙwace wasiƙa. Ta farko dai a yi ta da Turanci, a tambaye shi abin da ake bari ya shiga, shi ya fi kowa sanin ɗakin wasiƙun gidansu.