Gyara Alamomin Allonka Tun Kana Ƙasa

Masu kallo, ku dubi wannan allon da ke gaban matuƙi. A ƙaramin jirgi irin Cessna 172 mai na'urar Garmin G1000, da zarar gajimare ya haɗiye ka, wannan allon ne idonka. Taga ba za ta nuna maka komai ba sai fari fat. Jikinka kuma zai yaudare ka, ka ji kamar jirgi a miƙe yake, alhali ya karkata yana gangarawa. Saboda haka duk abin da za ka saita, ka saita shi kafin ka taso.

A tsakiyar allon akwai hoton da ke nuna karkatar jirgi: shuɗi sama ne, ruwan ƙasa kuma ƙasa, wannan kowa ya sani. Mu wuce zuwa ma'aunin tsayi a hannun dama. A ƙasansa akwai ƴar lambar matsin iska, wadda za ka daidaita da abin da hasumiya ta ba ka. Ka fara tabbatar da ma'aunin da ka zaɓa: inci ne, kamar 29.92, ko hektofaskal, kamar 1013? Kuskuren hektofaskal 10 kacal zai sa allon ya yi maka ƙaryar kusan ƙafa 300. A cikin gajimare, kusa da tudu, ƙafa 300 ba abin wasa ba ne.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Ku kalli allurar da ke tsakiyar kamfas. Launinta yana gaya maka wa take bi. Idan ruwan hoda ce mai duhu, GPS ke jan ta. Idan koriya ce, siginar rediyo daga ƙasa take bi, VOR (tashar rediyo mai nuna hanya) ko ILS (siginar da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka). Matuƙi na iya shirya sauka da ILS, allura ta zauna cas a tsakiya, hankalinsa ya kwanta, ashe har yanzu ruwan hoda ce, ba ta koma kan siginar titin sauka ba. Gaskiya ne na'urar kan sauya da kanta idan an loda komai daidai, amma ni ban taɓa son a dogara da hakan ba. Ka duba launin, ka karanta rubutun da ke gefenta, ka faɗe shi da bakinka.

Sai mafi ƙarancin tsayin da aka yarda ka sauko. Ka ɗauko shi daga takardar sauka ka shigar tun da wuri, domin na'urar ta yi maka magana idan ka kai. Ba ka ga titi ba a nan? Ƙara wuta, ka haye.

Wasu allunan suna ba ka zaɓin alamar jagora, wato wadda ke nuna maka yadda za ka karkata jirgi ko ka ɗaga hancinsa: mai kama da fukafukai, ko sanduna biyu masu gicciye. Ka zaɓi wadda ka yi horo da ita, ka tsaya a kanta. Haka hoton duwatsu da kwamfuta ke zanawa: yana da amfani, musamman koren da'irar nan da ke nuna inda jirgi ya dosa a zahiri, ko da iska ta karkatar da hancinsa. Amma in hoton ya cika maka ido har lambobi suka ɓace, kashe shi.

Kafin ka saki birki, ka kai ido kan ma'aunan ko-ta-kwana, waɗanda ke aiki dabam da allon. Ranar da jan gicciye, alamar lalacewa, ya rufe allon nan, su za ka bi har ƙasa.