Me ya sa gashinki ya fito ruwan goro maimakon ruwan zuma?

[Hoto: waya a hannu, bidiyon da ke yawo yana tafiya ba sauti]

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Wannan bidiyon da kuke gani, tun kafin Sallah yake yawo a TikTok da WhatsApp. Wata baiwar Allah ta kwaɓa lalle da ruwan shayi da lemon tsami, ta shafa a ka, aka yanke hoto, sai ga gashi ruwan zuma yana sheƙi. Daga Ringim zuwa Gumel, daga Wudil zuwa Dambatta, ƙorafin da kuke turo min iri biyu ne. Wasu sun kwana da lalle a ka, gari ya waye gashi yana nan baƙi wuluk. Wasu kuma sun sayi kwalin rini ranar kasuwa, mai hoton mace da gashi ruwan ƙasa mai haske, suka bi duk abin da aka rubuta, gashin ya fito jajawur ko ruwan goro.

Matsalar guda ɗaya ce, kuma a kanta za mu zauna yau.

[Hoto: tsakar gida, tabarma, kwano biyu, ƙyalle fari da ƙyalle baƙi]

Ku kalli nan. Farin ƙyalle na tsoma a rini, ya kama. Ga baƙin ƙyalle a cikin rinin guda. Kun ga wani canji? Ku tambayi marina a Ƙofar Mata, za su gaya muku ba a rina baƙin yadi ya koma mai haske. Gashinmu baƙin yadi ne. Launi mai haske ba ya hawa kan baƙi, sai an fara rage baƙin da ke cikin silin gashin.

Lalle kuwa ba ya rage komai, ɗorawa kawai yake yi. Akwai sinadari a ganyensa mai suna losan, shi ne yake kama jikin gashi ya bar ja. Shi ya sa in Baba Malam ya sa lalle a gemu, furfurar ce take yin ja, baƙin gashin da ke tsakani yana nan yadda yake. Ke mai baƙin gashi, iyakar abin da lalle zai ba ki shi ne ɗan ja-ja da ake hangowa in kin tsaya a rana. Yana da kyau, ni ina son sa ƙwarai, amma ba shi ne na cikin bidiyon ba. Shayi da lemon tsami ba za su sauya wannan ba, ko da kin kwana uku da shi.

[Hoto: allon launukan gashi, yatsa yana bi daga 1 zuwa 10]

Masu gyaran gashi sun jera launi hawa goma. Hawa na 1 baƙi ne, na 10 shi ne mafi haske. Mafi yawanmu muna kan 1 ko 2. Ruwan ƙasa mai hasken da kike nema yana kan 5. Ke nan akwai hawa uku ko huɗu tsakaninki da shi, kuma abin da yake hawa da ke shi ne ruwan haidrojin, wannan farin ruwan da ke cikin ƙaramar roba a kwalin rini. Da yawa suna ɗauka na sirki ne kawai. A'a, shi ne yake cinye baƙin.

[Hoto: robobi huɗu a jere, a matso kusa da lambobin]

Ku duba lambar jikin roba. Lamba 10 ƙarfinta kashi 3 cikin 100 ne, kusan ba ta ɗaga komai. Lamba 20 kashi 6 ce, tana ɗaga hawa ɗaya zuwa biyu, kuma ita aka fi sakawa a kwali. Lamba 30 kashi 9, hawa biyu zuwa uku. Lamba 40 kashi 12, wannan don Allah kada ta taɓa fatar kanki a gida, tana ƙona fata. To ki yi lissafi da kanki, 'yar uwa. Kina kan hawa na 1, kwalinki yana da lamba 20. Ina za ki tsaya? A kan 3, ruwan ƙasa mai duhu da ja a cikinsa. Kwalin bai cuce ki ba, hoton jikinsa na mai gashin da tun asali yake da haske ne.

Yanzu ga wurin da zan roƙe ku ku ajiye aikin hannunku ku saurara.

[Hoto: silin gashi huɗu a kan farar takarda: baƙi, ja, ruwan goro, rawaya]

Baƙin gashi ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ruwan zuma. Allah ya halicci sili da launi iri biyu a cikinsa, mai duhu da mai ja. Haidrojin yana fara cinye mai duhun, jan kuma yana da taurin kai, shi yake saura. Saboda haka hanyar ɗaya ce ga kowa: baƙi, sai ja, sai ruwan goro, sai rawaya. Ga su nan a kan takarda, duk daga kai ɗaya aka yanko su.

Abin da yake faruwa a gidajenmu shi ne, mace ta leƙa madubi ta ga ruwan goro, gabanta ya faɗi, ta ce shi ke nan na lalace, maigida zai shigo ya sake sallama yana zaton gidan maƙwabta ya faɗa. Sai ta yi ɗaya daga cikin biyu. Ko ta sake kwaɓa wani haɗin ta mayar a ranar, gashi ya narke ya biyo mataji. Ko ta ruga ta lafta dayis ta rufe, ta koma inda ta fito da gashi mai rauni.

Ruwan goron nan ba ɓaci ba ne. Daidai wurin da ake son a tsaya ke nan. Ruwan ƙasa mai haske a kan wannan jan yake zama. Abin da ya rage shi ne mataki na biyu, a ɗora rini mai sirkin shuɗi ko toka-toka, da haidrojin lamba 10, saboda shuɗi shi yake kashe ruwan goro. A kwalaye da yawa za ki ga an rubuta 5.1, biyar ɗin hawa ne, ɗayan da ke bayan ɗigo shi ne toka-tokan. Ragewa daban, ɗorawa daban. Bidiyon can ya nuna muku ɗorawa ya ɓoye ragewa, shi ya sa ya zama sharri.

Ragewar da kanta, in gashinki bai taɓa ganin rini ba, ana yin ta da rini da lamba 30, ko da hodar bilicin ta gashi da lamba 20. Na ce ta gashi. Ruwan bilicin na wanki irin su Hypo ba na kai ba ne, yana cinye gashi ya ƙona fata.

[Hoto: hannu da safa yana shafawa, an bar tushen gashi]

Sauran aikin ku kalla da ido. Safar hannu, kwanon roba ba na ƙarfe ba, a raba kai gida huɗu. A fara daga tsakiyar sili zuwa ƙarshe, tushen a bar shi sai daga baya, domin ɗumin fatar kai yana sa ya riga sauran yin haske. Ana dubawa akai-akai, ba a wuce lokacin da aka rubuta.

[Kamara ta dawo kan mai magana]

Amma kafin duk wannan, tambayi kanki me ya taɓa hawa kan nan. In kin taɓa sa dayis, rini ba ya ɗaga rini, sabon tsiro ne kawai zai yi haske, sauran ya zauna baƙi. In lallen leda kika saba sawa wanda ba ki san haɗinsa ba, wasunsu akwai gishirin ƙarfe a ciki, in ya haɗu da haidrojin gashi yana ɗaukar zafi ya karye. In kuma kina sa rilaksa, nan zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: ki haƙura da bilicin. Rilaksa ta riga ta raunana silin kafin ta miƙar da shi, bilicin ya zo ya ƙarasa. In rini kawai za ki yi, ki bar aƙalla mako biyu tsakani. Na fi son ganinki da cikakken baƙin gashi da ake yi wa shuku ya zauna, a kan ruwan zumar da ba ya kamuwa a kitso.

Shi ya sa ake gwaji. Ki tara gashin da ya fita a mataji, ki shafa masa haɗin, ki ga inda zai kai. Ki ja shi da yatsu. In ya miƙe ya tsinke ba ƙarfi, kanki ma haka zai yi.

Gwaji na biyu ya fi wannan muhimmanci. Ki ɗiga rinin a bayan kunne ki jira awa 48, ki ga ko wurin zai yi ƙaiƙayi ko kumburi. Yawancin rinin gashi yana da sinadarin PPD, wanda shi ne a cikin baƙin lallen da ake yi wa amare. Wadda baƙin lalle ya taɓa sa wa ƙaiƙayi ko ƙuraje a hannu, jikinta ya riga ya ƙi shi, rinin gashi zai iya kumbura mata fuska da ido. In haka ta taɓa samun ki, kada ki gwada ma. In kuma ana cikin yi aka ga kumburi ko numfashi yana wahala, a wanke a nufi asibiti nan take. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ku ɗaga shi sama inda yara ba sa kaiwa, guba ne in aka sha.

[Hoto: Hajiya tana warware ɗankwali, furfura a gaban goshi]

Iyayenmu masu furfura, ku naku ya fi sauƙi, domin farin sili ba ya buƙatar ragewa. Lalle zalla zai ba ku ja, in aka haɗa shi da garin ganyen baba sai ya koma ruwan ƙasa. Garin ganyen nake nufi, Hajiya, ba ruwan marina ba. Kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito game da furfurar Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, an ce a sauya ta amma a guji baƙi.

Wani abu da ya dame ni, tunda ana maganar jan gashi. Ƙaramin yaro in gashinsa ya fara ja, ya yi laushi yana zubewa, musamman in ƙafafunsa sun kumbura, wannan ba kyau ba ne, alamar tamowa ce. A kai shi asibiti mafi kusa.

[Hoto: karkashi a ruwa, man kaɗe a tafin hannu, hular barci]

Kula da gashin da aka rina kuwa, da sauri. Kwana biyu zuwa uku kafin wankin farko. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba. Omo, sabulun wanki da kanwa duk suna buɗe sili launi ya zube, ku bar su. Karkashinmu ya wadatar wajen warware gashi, in kuma jan ya fara dawowa, shamfu mai launin shuɗi sau ɗaya a mako. In ruwan rijiyarku ko burtsatse yana barin tsatsa a bokiti, zai bar ta a gashi ma, ki tari ruwan sama da damina don ɗauraya. Man kaɗe a ƙarshen gashi, da hunturu a ƙara. Rana tana koɗar da launi, amma mu ɗankwali da hijabi sun ɗauke mana wannan. Ki gaya wa mai kitso ta sassauta hannu, musamman a gaban goshi.

Gashi yana tsirowa kamar santimita ɗaya a wata, don haka bayan mako shida zuwa takwas baƙi zai leƙo daga tushe. Shi kaɗai ake taɓawa, ba a maimaita haidrojin a kan wanda ya riga ya yi haske.

Amare kuma, ban da daren kamu. Ki yi gwajinki wata guda kafin biki, ainihin aikin mako uku kafin ranar, saboda in launin bai zauna ba a samu lokacin gyarawa kafin a zauna kitso.