Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni a Wajen Buɗe Bitar Koyar da Aikin Koci ga Tsofaffin 'Yan Wasa

A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Mai girma babban baƙonmu, Kwamishinan Matasa da Wasanni, mai girma Hakimi, uban taro, Allah ya ƙara maka lafiya, shugabannin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, malaman da za su ba da wannan bita, 'yan'uwana tsofaffin 'yan wasa, masu furfura da masu rina ta, 'yan jarida, jama'a maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yallaɓai, lale marhabin. Mun san hanyar da ka biyo, mun kuma san ayyukan da ka ajiye a ofis ka taho. Ba mu da jan kafet, rumfar nan ma aronta muka yi, amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ita kam ka same ta tun daga bakin ƙofa. A madadin ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa, wadda 'yan'uwa suka ɗora mini nauyin shugabancinta, ina cewa barka da zuwa, sannu da hanya.

Mutanen nan da kake gani zaune a gabanka, ranka ya daɗe, akwai lokacin da idan suka taɓa ƙwallo fili kan ɗauki ihu. Yau gwiwa ta ƙi, tumbi ya zo, ga shi sun dawo da biro da littafi kamar 'yan aji ɗaya. Kowannensu burinsa a ba shi ƙungiya ya riƙe. Shi ya sa na ga bai dace in cika ka da kirari kawai in zauna ba. Akwai magana ɗaya da ke ci mana tuwo a ƙwarya, kuma kai ne mai wuƙa da nama a kanta: yaya ake auna tsohon tauraro idan ya koma benci ya zama koci, kuma yaushe ya kamata a yanke masa hukunci?

Mu Hausawa muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ban isa in ja da magabata ba. Sai dai a sana'ar nan tamu na sha ganin Laraba ta yi wa mutane ƙarya, kuma zan kawo shaida da mutumin da kowa a nan ya sani, wato Finidi George.

Wanda ya kalli ƙwallo a 1994 ba sai an gaya masa wane ne Finidi ba. Yana cikin waɗanda suka ɗauko mana kofin Afirka a Tunisiya, kuma a Amurka shi ya zura wa Girka ƙwallo ya durƙusa yana tafiya da rarrafe, yara a unguwanni suka shekara suna kwaikwayonsa. A 1995 yana gefen dama na Ajax ranar da suka doke AC Milan da ci ɗaya mai ban haushi suka ɗauki kofin Zakarun Turai. Ya yi Real Betis, ya yi Mallorca, ya leƙa Ipswich a Ingila, ya rataye takalmi a 2004. To daga wannan shekara sai da ya yi shekara goma sha bakwai kafin a damƙa masa babbar ƙungiya. A tsakani yana can yana fama da yara ƙanana a Turai, yana neman takardun koci, ba wanda ke tafa masa. A watan Satumba na 2021 Enyimba ta Aba ta ɗauke shi.

Enyimba kuwa ba wurin koyon aiki ba ce. Ƙungiya ce da ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004, kuma mutanen Aba ba su san wani abu wai shi haƙuri da na biyu ba. Mu nan Arewa mun san nauyin wannan kujera, domin Kadiri Ikhana da ya ci musu na 2003 shi ne ya zo ya ba Kano Pillars kofin lig ɗinta na farko a 2008, Okey Emordi da ya ci musu na 2004 shi ma ya ɗaga kofi da Sai Masu Gida a 2014. Irin takalman da aka ajiye wa Finidi ke nan aka ce ya sa.

Kakarsa ta farko ba ta yi armashi ba. Rivers United ta lashe gasar, Enyimba ko ukun farko ba ta shiga ba. Na tuna irin maganganun da muke yi a majalisa a lokacin, har da ni mai wannan jawabi: wai ƙwallon Turai ya sani, bai san tafiyar kwana biyu a mota zuwa wasan waje ba, wai yana da sanyi, ba ya yi wa alƙalin wasa tsawa, wai suna kawai aka saya. Da shugabannin Enyimba sun saurari irinmu, da sun sallame shi a wannan shekara, kuma da babu wanda zai zarge su.

Ba su sallame shi ba. Aka shiga kakar 2023, wadda aka gajarta aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu, sannan shida da suka fi ƙoƙari suka haɗu a filin Onikan da ke Legas a watan Yuni. A nan Enyimba ta ɗauki kofinta na tara, ɗan wasanta Emeka Obioma kuma ya fi kowa zura ƙwallo a kakar. Mutumin da muka ce bai san lig ɗin gida ba, ga shi da kofin lig ɗin gida a hannu, wata ashirin da ɗaya bayan kama aiki. Sanyin nan da muka kira rauni, shi ne ya sa yaransa ba sa rikicewa idan aka riga su ci.

Kada a ce na zo yi masa bambaɗanci. A wasannin Afirka bai taɓuka abin kirki ba: Al Ahli ta Benghazi ta yi waje da su tun a zagayen farko, Wydad ta Maroko ma ta fitar da su a gasar manyan ƙungiyoyin nahiya da aka ƙirƙiro a 2023. Wannan gibi ne a littafinsa, kuma duk mai adalci zai rubuta shi. Amma dubi abin da ya biyo baya. A ƙarshen Afrilun 2024 aka ba shi Super Eagles. Wasa biyu kacal ya ja ragama bayan naɗin: kunnen doki 1-1 da Afirka ta Kudu a Uyo, sai kashi 2-1 a hannun Benin a Abidjan. Kafin watan Yuni ya ƙare hukumar ƙwallon ƙasa ta ce za ta kawo Bature a ɗora a kansa, shi kuma ya ajiye aiki. Mutum ɗaya ne, ilimi ɗaya, hali ɗaya. Inda aka ba shi kaka biyu ya kawo kofi. Inda aka ba shi minti ɗari da tamanin ya fita da sunan wanda ya gaza. Da ya koma Rivers United, a kakarsa ta farko ya kai su na biyu a bayan Remo Stars. To wanne ne Finidin gaskiya a cikinsu? Ni dai na fi yarda da wanda aka auna da mudu cikakke.

Matasanmu na gidajen kallo, waɗanda na hango sun cika bayan rumfa, za su ce ai a Turai ma haka ake yi. Gaskiya ne, amma su tuna Guardiola. Wasansa na farko na lig da Barcelona a 2008, wata ƙaramar ƙungiya Numancia ce ta doke shi ɗaya da nema, na biyu ya yi canjaras da Racing Santander a gida. Maki ɗaya cikin shida. A ƙarshen wannan kaka kofi uku ya jera. Lampard kuwa da ci huɗu ba ko ɗaya Manchester United ta yi masa barka da zuwa a 2019, ga takunkumin sayen 'yan wasa a wuyan Chelsea. Ya tattaro yaran gida irin su Mason Mount da Reece James da Tammy Abraham ya gama na huɗu. An kore shi a Janairun 2021, bayan wata huɗu Tuchel da ya gaje shi ya ci kofin Zakarun Turai, kuma Mount ɗin nan ne ya ba da ƙwallon da aka ci a wasan ƙarshe. Har gobe 'yan Chelsea na unguwarmu ba su gama musu a kan wanda ya shuka da wanda ya girbe ba.

Akwai kuma inda Laraba ta faɗi gaskiya, ba zan ɓoye ba. Gary Neville ya je Valencia a Disambar 2015, Barcelona ta zuba masa bakwai, kafin ƙarshen Maris an sallame shi. Thierry Henry wata uku ya yi a Monaco. Abin da na lura da shi, su biyun nan ba wanda ya taɓa riƙe ƙungiya tasa ta kansa kafin a jefa shi cikin rijiya mai zurfi. Mataimaka suka yi, sai sharhi a talabijin. Guardiola kuwa sai da ya shekara da ƙaramar ƙungiyar Barcelona a can ƙasa-ƙasan lig, Xabi Alonso ya yi kaka uku da ƙaramar ƙungiyar Real Sociedad kafin ya je Leverkusen ya ci Bundesliga a 2024 ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba. Suna yana buɗe wa mutum ƙofa da wuri, wani lokaci tun bai gama ɗaura ɗamara ba.

A nan zan juyo gare ku, 'yan'uwana, Yallaɓai ya yi mini afuwa. Ni ma na taɓa wannan wuta. Da na daina wasa wata ƙungiya ta ba ni koci, don kawai ana tuna ƙafata ta hagu. Ranar farko a filin atisaye na ce wa wani yaro ya kwaso ƙwallo daga gefe ya aza ta a kan mai lamba tara. Ya buga ta tafi bayan raga. Na karɓa na buga masa sau ɗaya, ta sauka inda nake so, na ce, "Ka gani? Haka za ka yi." Yaron ya dube ni ya ce, "Koci, na ga ka yi, amma ban ga yadda ka yi ba." Wallahi na rasa amsa, domin ni kaina ban san yadda nake yi ba, Allah ne ya ba ƙafar, ban taɓa tambayarta ba. Ciwon tauraro ke nan. Abin da ya zo masa a sauƙaƙe ba ya iya fasa shi gida-gida ya koyar, sai ya hau faɗa, yara su tsorata, ƙafarsu ta ƙara mutuwa. Ban kai rabin kaka ba aka sallame ni. Rabin laifin nawa ne, na yarda. Ɗaya rabin kuwa, 'yan wasana suna bin albashin watanni, muna isa garin da za mu yi wasa cikin dare a mota mai tayar da ta sha faci, a kwana a kan benci, gobe a ce a ci. Ranar da aka kira ni ofis ba wanda ya tambayi ko yaran sun karya kumallo. Teburin gasa kawai aka nuna mini.

Shi ya sa, ranka ya daɗe, idan mutanen nan suka karɓi takardunsu aka fara raba musu ƙungiyoyin da gwamnati ke ɗaukar nauyi, muna roƙon a tambayi abin da aka ba mutum kafin a tambayi abin da ya kawo. Shi ya zaɓi 'yan wasan, ko wani babba ne ya aiko da 'yar takarda a sa ɗan ƙanwarsa? An biya kuɗin sa hannu? Sannan a duba yaran da ke hannunsa: wanda bai iya tsayar da ƙwallo ba a farkon kaka, ya iya a ƙarshenta? Ƙungiyar tana da fasalin wasa da za a gane ko da an sha kashi, ko kuwa kowa tasa yake yi? Ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi ya yi kuskurensa inda ba kyamara? Waɗannan ba sa fitowa a sakamakon da ake karantawa a rediyo ranar Lahadi da daddare, sai wanda ya tako filin atisaye da sassafe yake ganinsu, kuma muna gayyatar jami'an ma'aikatarka su riƙa takowa ba tare da sanarwa ba.

Ba muna neman a mayar da kujerar koci gadon gidanmu ba ne. Wanda aka ba kayan aiki da lokaci ya kasa, a sallame shi, ko da shi ya taɓa ci wa jihar nan kofi da ka. Abin da muke so shi ne kwantiragi a rubuce na kaka biyu, wanda ihun 'yan kallo na yammaci ɗaya ba zai yaga ba, da albashi a kan kari. Muna kuma roƙon ma'aikata ta ɗauki nauyin waɗanda suka fi hazaƙa a wannan bita zuwa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, da kwasa-kwasan lasisin CAF, hukumar ƙwallon Afirka, domin kuɗin ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Da yawa a nan da ɗinki da achaɓa da tireda suke ciyar da gida. Sai filin atisayenmu, wanda ka ratsa ta gefensa da za ka shigo: ka ga ramukan da idonka, ba sai na ƙara gishiri ba.

Mai girma Hakimi, mun gode da wannan fili da ka ba mu aro da kuma zaman da ka yi da mu tun hantsi. Malamanmu, ga ɗalibanku nan, masu taurin kai ne, sun saba a tafa musu, ku yi haƙuri da su.

Yallaɓai Kwamishina, bayan ka buɗe bita akwai ɗan wasan sada zumunci na minti ashirin-ashirin tsakanin tsofaffi, mun tanadi mai shafa man zafi da ruwan sanyi, kuma kai muke so ka take ƙwallon farko. Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya mayar da kai gida lafiya. Yanzu kuma, da izinin uban taro, ina gayyatarka ka taso ka yi mana jawabi. Bismillah, ranka ya daɗe.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.