Doyar Da Aka Ce Tana Yi Ko'ina

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wani saƙon murya na ta zagayawa a wayoyin manomanmu na Sudan, daga Mai Wurno har Damazin da Gadarif. Wai an kawo ingantaccen irin doya daga Najeriya, wanda masana suka yi wa aure, kuma a cewar mai tallar, "duk inda ka binne shi zai yi." Wannan kalma ta "duk inda" ita ta tayar mini da hankali.

Irin nan gaskiya ne akwai shi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike sun daɗe suna aurar da doya. Amma ku dubi yadda suke aikinsu. Iri guda sai su dasa shi a Ibadan, su dasa a Abuja, su dasa a Umudike, damina bayan damina, saboda sun sha ganin wanda ya zo na ɗaya a wannan gona ya koma na baya a waccan. Wanda amfaninsa bai cika hawa da sauka ba shi suke cewa ya tsayu. Ya tsayu a ina? A wuraren da aka gwada shi. Can kawai.

To wa ya gwada shi a Sinnar? Wa ya gwada shi a Gadarif?

Doya tana son ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya, da ruwan sama da ya kai milimita 1,000 a shekara, kuma takan yi wata bakwai zuwa goma a ƙasa. Mu kuwa baƙar laka gare mu. Da damina ta kama ƙafa har ta cire maka takalmi, da rani ta tsage har hannu ya shige. Saiwar da ke son faɗaɗa a cikin tsibi, ta ina za ta bi? In ruwa ya kwanta ta ruɓe, in ƙasa ta bushe ta matse ta. Daminarmu kuma daga Yuni zuwa Oktoba ta yi sallama.

Za a ce ai masana ne suka yi shi. Haba jama'a! Masanan nan ba su taɓa cewa yana yi ko'ina ba, ɗan kasuwa ne ya faɗa, shi kuwa buhunsa yake son ya ƙare.

Mun ga yadda ake yi a ƙasar nan. Dawar Hajin Dura 1 da aka fitar a 1983, aikin masanin iri Gebisa Ejeta da masu binciken Wad Madani, a gonakin Sudan aka gwada ta kafin a miƙa wa manomi. Abin da muke nema wa doya ke nan.

Mai yiwuwa ta yi a sassauƙar ƙasar bakin kogi inda ake ban ruwa, ko kudu da Damazin inda ruwa ya fi yawa. Ni ma ina marmarin sakwarar da aka noma a nan. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wa ke da jarin yin caca? Irin doya tsada gare shi, domin abincin ne kansa ake binnewa. Malam manomi, in ka matsu, yi tsibi ashirin a gefen gona, wasu a laka, wasu a bakin kogi, ka duba damina biyu. Kada ka taɓa kuɗin dawa da riɗinka. Mai tallar kuma in ya zo, tambaye shi sunan irin, da garin da aka gwada shi a Sudan, da sunan manomin da ya haƙa.

A huta lafiya.