Sitobis: Faten Dankalin Da Mutanen Sikotlan Ke Yi Da Ragowar Gashin Lahadi

Ku dubi wannan farantin gashi. Jiya Lahadi aka gasa naman shanu a cikinsa, iyali suka ci suka tashi. Ga abin da ya rage: 'yan guntayen nama da wuƙa ta bari, kitse fari da ya daskare a gefe, sai wannan baƙin romo mai kauri da ya kwanta a ƙasa kamar madarar suga da ta ƙone. Wani zai kai farantin wurin wanke-wanke. A gidajen Sikotlan kuwa, a arewacin Birtaniya, wannan farantin shi ne jarin abincin Litinin.

Sunan abincin stovies, ana furta shi sitobis. A harshen mutanen ƙasar, kalmar tana nufin dafa abu a rufaffiyar tukunya da wuta kaɗan-kaɗan, ya nuna da tururinsa. Idan kuna neman abin da ya fi kusa da shi a girkinmu, ku tuna da faten dankali, sai dai wannan babu tumatir, babu manja, babu attaruhu. Dankalin turawa ne da albasa da kitse, nama kuma gwargwadon abin da Allah ya hore.

Dalilin haka yana cikin tarihinsu. Dankali ya bazu a gonakin Sikotlan a ƙarni na 18, ya zama cimar talaka, har ta kai lokacin da cutar dankali ta faɗa wa yankin tsaunukan ƙasar a 1846, yunwa ta kori dubban mutane daga ƙauyukansu. Nama kuwa ba kullum ba. Gidan ma'aikaci, in an samu, ranar Lahadi ake gasa tsoka guda babba. Litinin ranar wanki ce, uwargida tana fama da ruwan zafi da tulin kaya tun safe. Tana buƙatar girkin da za ta ɗora ta juya baya, wanda kuma zai sa ɗan naman da bai cika tafin hannu biyu ba ya ƙosar da mutum shida.

To, mu shiga madafa. Ga dankali kilo 1, manyan albasa 2, kitsen gashin jiya kamar cokali 3, ragowar nama kimanin giram 250, romo kofi ɗaya, gishiri da masoro. A can suna son dankali mai gari, irin su Maris Piper ko Kerr's Pink, wanda yake fashewa idan ya dahu. Idan naku mai santsi ne da ba ya saurin narkewa, sai ku ƙara masa lokaci.

Ku lura da yadda nake yanka shi. Wasu na yi su sirara kamar na suya, wasu na bar su da kauri, kusan rabin dankali guda. Da gangan ne. Siraran za su narke su haɗe romon ya yi kauri, manyan su tsaya da siffarsu, ta yadda in ka kai cokali baki za ka sami abin taunawa. Wanda ya yanka su daidai wa daida, ko dai ya tashi da kunu, ko ya tashi da dafaffen dankali yana iyo a ruwa.

Tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa sosai ita ake so. Na kankaro kitsen nan na zuba. Ga shi yana narkewa, ƙamshin gashin jiya ya dawo ɗakin gaba ɗaya. Sai albasa. Kada ku yi mata gaggawa. Ku ba ta minti 10 ko fiye, ta yi laushi, ta fara ja a gefe-gefe. Ni a ganina nan ne ake cin wannan girki ko a faɗi, domin kayan haɗin 'yan kaɗan ne, babu wani yaji da zai rufa wa ɗanyar albasa asiri.

Yanzu dankali ya shiga. Na juya shi har kowane yanki ya sha kitse yana sheƙi, na barbaɗa gishiri da masoro. Sannan na koma kan farantin gashin nan, na zuba masa ruwan zafi kaɗan, na goge ƙasansa da muciya har baƙin romon ya saki, na juye a tukunya. Ku ga iyakar ruwan: ko rabin dankalin bai kai ba. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi a ƙara, musamman ga wanda ya saba da fate mai ruwa-ruwa. A daure. Farkon yin da na yi, na cika ruwa har ya shanye dankalin, abin da na sauke miya ce salam, ɗanɗanon kitsen duk ya tsere. Tun daga ranar na gane tururi ne ke dafa sitobis.

A rufe, a rage wuta can ƙasa, a ba shi minti 45 zuwa awa ɗaya. Lokaci-lokaci a ɗaga tukunyar a girgiza, ko a buɗe a juya sau ɗaya a hankali. In ya nemi bushewa, cokali biyu na romo sun isa. Naman ya riga ya dahu tun jiya, don haka sai saura minti 15 a sauke za a yayyanka shi ƙanana a zuba, ya yi zafi sosai har ciki. Wasu gidajen tun farko suke jera shi hawa-hawa da dankalin. Kowa da yadda ya gani a wurin kakarsa, kuma suna musu a kan wannan da gaske. Akwai masu sa naman gwangwani in babu gashi, akwai masu sa wani curin niƙaƙƙen nama irin nasu mai kusurwa huɗu, wanda akan yi da naman shanu, wani lokaci a haɗa da na alade. Wannan na ƙarshen, da kuma man alade da wasu ke amfani da shi, su ne abin da Musulmi zai tambaya in an miƙo masa kwano a can. Na asali da naman shanu ko na rago ake yi.

Bari in buɗe. Kun ji wannan ƙarar a gindin tukunya? Ƙanzo ne ya fara kamawa. Yadda yaranmu ke rububin ƙanzon shinkafa, haka da yawansu ke son wannan jan ɓawon, a kankaro shi a cuɗa cikin sauran. Launin abincin ba wani abin ɗaukar ido ba ne, ruwan ƙasa ne mai duhu, amma cokali yana tsayawa a cikinsa ƙyam.

A yankin Aberdeen, arewa maso gabashin ƙasar, inda sitobis ya fi daraja, ana kawo shi da wani busasshen biskit na hatsin ots marar zaƙi, da yankakken bitrut, wata jar saiwa da aka jiƙa a ruwan tsami, da kofin madara mai sanyi. Tsamin yana yanke maiƙon, biskit ɗin kuma da shi ake ɗiba. Abincin ya daɗe da fita daga ɗakin girkin Litinin: a wuraren biki, bayan an sha rawa dare ya raba, shi ake fito da shi a manyan tukwane, haka ma daren 31 ga Disamba da suke kira Hogmanay, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi.

Na zuba nawa a kwano, ƙanzon a sama. Abin da ya rage a tukunya zan bari ya huce in sa a firji. Gobe da safe a soya shi a kasko da ɗan kitse har gefensa ya yi ƙus-ƙus, ɗumamen ɗumame ke nan.