Lacca: Layin Cunkoso da Rabo Mai Siffar Ƙararrawa a Ilimin Ƙididdiga

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai da sauran jama'ar da suka halarta, ina yi muku barka da zuwa.

Duk wanda ya taɓa ganin mace tana zuba gero daga ƙwarya zuwa kan tabarma ya san cewa tsibin yana tudu a tsakiya, yana raguwa ta kowane gefe, har ya kai ga ƴan ƙwayoyin da suka yi tsalle can nesa. Ku riƙe wannan hoton, domin da shi za mu yi aiki a yau.

A ɗauka mun auna tsawon maza dubu, muka kasa su rukuni-rukuni, muka zana wa kowane rukuni sanda gwargwadon yawan mutanen da ke cikinsa. Idan muka ƙara yawan waɗanda aka auna, muka kuma ƙara tsuke rukunan, kawunan sandunan za su daina kama da matakala, su koma layi guda mai santsi. Shi ne layin cunkoso, domin yana nuna inda bayanai suka cunkushe da inda suka yi ƙaranci. Sharuɗɗansa biyu ne: ba ya sauka ƙasa da sifiri, kuma faɗin filin da ke ƙarƙashinsa gaba ɗaya 1 ne, wato kashi 100 cikin 100.

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, kuma na sha ganin haka a takardun jarrabawa. Ɗalibi zai ɗora yatsa a kan layin, ya karanta tudunsa, ya ce wannan shi ne kason mutanen. Ba haka ba ne. Kason yana cikin filin da ke ƙarƙashin layin tsakanin iyakoki biyu. Idan kana son sanin mutum nawa ne tsawonsu yake tsakanin santimita 165 da 175, sai ka ja layi a tsaye a kan kowace iyaka, ka auna filin da suka killace. Tambayar mutum nawa ne tsawonsu yake daidai 170 cif, babu ko ɗigon ƙari, amsarta a wannan tsari sifiri ce, domin layi guda a tsaye ba shi da faɗi, abin da ba shi da faɗi kuwa ba shi da fili.

Layukan cunkoso iri-iri ne, amma wanda ya fi shahara shi ne mai siffar ƙararrawa. Abraham de Moivre, Bafaranshe mazaunin Landan, shi ya fara isa gare shi a 1733, yana neman hanyar sauƙaƙa lissafin jefa kwabo sau da yawa. A 1809 Carl Friedrich Gauss ya yi amfani da shi wajen bayyana kurakuran da masana taurari suke yi a awo, shi ya sa ake kiransa rabon Gauss, har Jamus ta buga hotonsa tare da wannan layin a takardar kuɗinta ta mak 10. A 1810 kuma Laplace, wani masanin lissafi Bafaranshe, ya nuna dalilin da ya sa siffar take yawan bayyana: idan abu ya samu ne daga haɗuwar ƙananan dalilai masu yawa, waɗanda ba su dogara da juna ba, kuma babu guda da ya rinjayi sauran, jimillarsu takan karkata zuwa siffar ƙararrawa. Tsawon mutum misali ne mai kyau, domin gado da abinci da lafiyar ƙuruciya duk suna da hannu a ciki.

Abin da ya sa masana suke ƙaunar wannan layi shi ne lambobi biyu kacal suke fayyace shi. Ta farko matsakaici, wato jimillar awon duka a raba da yawan waɗanda aka auna, wanda yake nuna inda tsakiyar ƙararrawar ta zauna. Ta biyu ma'aunin bazuwa, wanda yake nuna ko ƙararrawar siririya ce doguwa ko kuwa baje take. Ana ma iya ganinsa da ido: ka biyo layin daga ƙololuwa kana gangarowa, wurin da gangaren ya daina ƙara tsanani ya fara sassautawa, nisansa daga tsakiya shi ne ma'aunin bazuwa ɗaya. Daga nan ƙa'idar 68, 95 da 99.7 ta fito. Kimanin kashi 68 cikin 100 na bayanan suna cikin taku ɗaya daga tsakiya, wato ma'aunin bazuwa ɗaya ta kowane gefe, kashi 95 cikin taku biyu, kashi 99.7 cikin taku uku.

Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa matsakaicin tsawon mazan nan 170 ne, ma'aunin bazuwarsu kuma 7. To kashi 68 suna tsakanin 163 da 177, kashi 95 suna tsakanin 156 da 184. Ragowar kashi 5 sun rabu gida biyu, saboda haka waɗanda suka haura 184 ba su wuce kamar mutum 25 cikin dubu ba. Mai tsawon 184 ya yi taku biyu sama da tsakiya, wannan adadin takun shi ake kira makin z, kuma ana samunsa ne ta hanyar debe matsakaici daga awon mutum, a raba sakamakon da ma'aunin bazuwa.

Kada ku ɗauka wannan lissafin allo ne kawai. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka gina a kan yaran ƙasashe shida har da Ghana, da makin z yake aiki. Yaron da tsawonsa, idan aka gwada da shekarunsa, ya yi ƙasa da tsakiya da fiye da taku biyu, ana lissafa shi cikin waɗanda suka tsumbure, wanda ya yi ƙasa da fiye da taku uku kuwa matsalarsa ta yi tsanani. A cikin al'ummar da yaranta suke samun isasshen abinci da kulawa, kimanin biyu ne cikin ɗari za su faɗa ƙasa da taku biyu. Idan ma'aikatan lafiya suka auna yaran wani gari suka tarar da talatin cikin ɗari a can, to ƙararrawar garin gaba ɗaya ce ta gusa hagu, magana kuma ta wuce ta yaro ɗaya ko gida ɗaya.

Sai dai ina da ƙorafi a kan yadda ake koyar da wannan babi. Turawa sun laƙaba wa layin sunan da ke nufin "na al'ada", sai ɗalibi ya zaci kowane irin bayani dole ya bi shi. Adolphe Quetelet na Beljiyam, wanda ya ɗora layin a kan awon ƙirjin sojojin Sikotlan, ya yi nisa a wannan tunani har ya riƙa ɗaukar "matsakaicin mutum" tamkar shi ne abin koyi. Amma ku dubi kuɗin shiga na ƴan kasuwa. Mafi yawansu suna cunkushe a ƙasa, ƴan ƙalilan manyan attajirai sun ja wa layin doguwar jela ta dama. A irin wannan layi, lambar tsakiya, wadda ta raba filin gida biyu daidai, tana nan kusa da talakawa, matsakaici kuwa jelar ta janye shi sama. Wanda ya ɗora ƙa'idar 68 da 95 a nan zai iya lissafo mutanen da kuɗin shigarsu ya gaza sifiri. Saboda haka aikin da zan bar wa ɗalibai shi ne, kowa ya auna abu ɗaya a kan mutum hamsin, ya zana sandunansa tukuna, ya duba ko tudun ɗaya ne kuma gefunan sun yi daidai, kafin ya taɓa teburin makin z. Yanzu sai a kawo tambayoyi.